Saura a Kashe Tsohon

Ni mai gadi ne a gidan manyan kwamfutoci a Bogotá, kuma ba na wasa da ƙofa. Ɗan ƙanwata Yeison injiniya ne a wurin. Shi aka ba aikin kwashe saitin injuna marasa jiki, waɗanda ke zaune cikin kwamfuta, daga tsohon rukunin kwamfutoci zuwa sabo. Ya taɓa gaya mini dokarsu: in an kwafi inji zuwa sabon gida, dole a kashe tsohon, domin biyu ba sa rayuwa da suna ɗaya.

Da magariba ya shiga da katinsa, bai gaishe ni ba. Ina kurɓar kofi sai ga shi kuma a waje, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf.

"Kawu, buɗe mini, katina ya ƙi."

"Kai, mara kunya, ta ina ka fita?"

"Wace fita? Yanzu na sauka daga bas. Giya ka sha ne, tsoho?"

"Rufe mini baki! Na'urar ƙofa ta ce kana ciki."

Na damƙi hannunsa, muka leƙa ta gilashi. Ga wani Yeison can ciki tsaye tsakanin akwatunan ƙarfe. Iskar fankoki tana kaɗa wayoyi, amma ko gashinsa bai motsa ba.

Na cikin ya juyo, ya yi magana ta lasifikar ƙofa. Muryar ta Yeison ce, sai dai babu numfashi a cikinta.

"Kawu, an gama kwashewa. Saura a kashe tsohon."

Ba injunan yake kallo ba, Yeison ɗin da ke gefena yake kallo. Hannun da nake riƙe da shi ya fara sanyi.