Laifin da Efren Ya Amsa

Ranar ziyara a gidan yari Dalisay ta tarar da Efren ya ƙara ramewa, ƙuraje sun feso masa a wuya. Ta tura masa kwanon shinkafa da soyayyen kifi, amma Efren ko kallonsa bai yi ba. Ya ce an sake jibgo musu sababbin mutane, yanzu barci ma rabawa ake yi. Nasa rabon da rana yake zuwa, a zaune kan matakala.

Shekara shida ke nan yana jiran shari'a a kan ƙwayar da aka ce an gani a babur ɗinsa na haya. Ana shirin bikinsu aka kama shi. Tun daga nan sai ɗage zama ake yi.

Ta gaya masa abin da lauya ya ce: in ya amsa ƙaramin laifi, hukuncin bai kai zaman da ya riga ya yi ba, sakinsa za a yi.

"Ka amsa, masoyina..."

"In amsa abin da ban yi ba? Mahaifinki fa ya rantse ba zai ba mai laifi 'yarsa ba."

"Tatay ko ni ya daina ganewa, Efren."

Sai a lokacin ta faɗa masa abin da take ɓoyewa. Mahaifinta ya faɗi, rabin jikinsa ya shanye, mahaifiyarta ita kaɗai ke ɗawainiya da shi can gida a tsibirin Samar. Ƙarshen wata za ta bar Manila, kuma ba ta san ranar dawowa ba.

"Na gaji," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ban gaji da kai ba... da bakin ƙofar nan na gaji."

Ya daɗe yana kallon hannunta. Yana nan a haka har mai gadi ya kaɗa ƙararrawa.

Ranar zaman kotu ya miƙe ya amsa laifin, a hankali, har sai da alƙali ya sa ya maimaita.

Bayan an sake shi, a Samar aka ɗaura musu aure, ba taro ba kiɗa. Shi ke ɗaga tsohon ya yi masa wanka, shi ke juya shi a gado. Wani lokaci yana tsakiyar aiki sai ya tsaya, ya juyo yana nemanta da ido.

"Kin dai san ban yi ba, ko?"

Dalisay takan ajiye duk abin da ke hannunta ta zo inda yake.

"Na sani," take cewa. "Na sani."