Surukin Baba Kafinta

Ranar da Injiniya ya fara ganinta, ita ce ranar da ya fi jin kunya tun da ya fara aikin sauti.

Fasto yana tsakiyar wa'azi, ya ɗaga hannu zai kawo babbar magana, sai lasifikokin majami'ar suka yi wata irin ƙara, suka ɗauke ɗif. Jama'a suka waiwaya baya gaba ɗaya, inda Injiniya yake zaune da na'urarsa. Gumi ya karyo masa. Ya tashi yana bin waya da lalube, har ya kai gaban bagadi a durƙushe.

A nan ya ɗaga kai. Duk majami'ar ta cika da ƙus-ƙus, ban da benci ɗaya a gaba ta hagu. Mutanen da ke kansa ko gezau ba su yi ba. Idonsu yana kan wata budurwa da ke tsaye kusa da Fasto, tana jin abin da yake faɗa, tana mayar musu da shi da hannu. Bencin kurame ne, kuma su kaɗai ne wa'azin bai yanke musu ba.

Injiniya ya tsaya kallon hannuwan nan, waya a hannunsa, kamar an dasa shi. Sai da wani dattijo ya zungure shi ya tuna abin da ya kawo shi.

Bayan an tashi daga sujada yana naɗe wayoyi, ta zo ta tsaya a gabansa. Kowa a ikkilisiyar Tafinta yake ce mata.

"Sannu da aiki, Injiniya. Yau ka mayar da kowa ɗan bencinmu."

"Ki yi mini rai, kunyar da na sha ta ishe ni."

Ta yi dariya. "To, ban da inda ya yanke, me ka ɗauka a wa'azin?"

Gaskiyar magana ita ce ɗaukarsa aka yi aiki. Duk Lahadi yana zaune da abin ji a kunne, yana farautar kuwwa da ƙarar waya. Wa'azi nawa ya bi ta ƙarƙashin yatsunsa, amma ko kalma ɗaya ba ta taɓa zama a ransa ba.

"Muryar Fasto ta fita tas," ya ce.

"Ba ita na tambaye ka ba. Lahadi mai zuwa zan sake tambaya."

Ta kuwa cika alkawari. Da farko don kada ya ji kunyar budurwa ya fara saurare, wannan ba sai an ɓoye ba. Amma abin da aka fara don idon mutum, Allah ya kan karɓe shi ya mayar nasa. Kafin a jima shi ne yake tare ta da tambayoyi a bakin ƙofa, su yi ta tafiya har tashar mota suna musu.

Wata rana ya ce mata shi bai san yadda ake jin Allah ba, alhali jin abu shi ne sana'arsa.

"Babana kurma ne tun haihuwa," ta ce. "Bai taɓa jin waƙa ko ɗaya ba. Amma in ka gan shi da safe yana addu'a, za ka san akwai wanda suke magana da shi."

Maganar ta bi shi har shagonsa. Washegari da safe, a tsakanin rediyoyi da lasifikokin da ya farke yana gyara, ya kashe komai, har da fanka. Ya zauna shiru, abin da bai saba ba. Bai ji wata murya ba. Ya dai san ba shi kaɗai ba ne a shagon, kuma an daɗe ana jiransa. Ya yi addu'ar farko da ba haddacewa ya yi ba, hawaye na zuba a kan teburin aiki.

Ya tura mata saƙo: "Yau na kashe komai na saurara. Yana nan. Ashe tun da can yana nan. Na gode da tambayar da kika dame ni da ita."

Ta amsa: "Yabo ga Ubangiji! Ina cikin mota, mutane suna ta kallona ina murmushi ni kaɗai. Barka da isowa gida, abokina."

"Abokina kawai?"

"Sarkin Waya, bi a hankali, kada ka sake yanke mana sauti."

Daga nan abota ta sake riga. Yana ce mata Haskena, ita kuma ta ƙi sakin Sarkin Waya. Da magana ta yi nisa, ta ce ya zo ya gaida iyayenta.

Ya zo fes, takalmi yana sheƙi. Mama ta karɓe shi a falo, sannan ta ja 'yarta kicin su ɗauko abin sha. Aka bar shi da Baba Kafinta, dogon dattijo mai faffaɗan tafin hannu.

Injiniya yaro ne mai tarbiyya. An koya masa ba a zuba wa babba ido, balle wanda kake neman 'yarsa. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya kafa ido a kan tabarmar falon.

Baba ya yi masa maraba da hannu. Bai gani ba. Ya nuna masa kujera, bai gani ba. Ya buga teburi don ya ɗago, shi kuwa da ya ji bugun sai ya ɗauka faɗa ne, ya ƙara dunƙulewa. Ga kurma, ido shi ne kunne, wanda ya kawar da kai daga gare shi ya toshe masa baki ke nan. Tafinta ta tashi cikin wannan tun tana rarrafe, har bai zo mata a rai ba cewa abu ne da ake gaya wa mutum.

Ko da ta fito da tire, kujerar Baba babu kowa. Ta same shi a shagonsa na bayan gida yana goge katako da ƙarfi.

"Baba, ladabi ne yake yi maka," ta ce da hannu.

"Ladabin da ya hana ni magana?" Baba ya mayar mata da hannu cikin fushi. "Duk rayuwata masu kunne suna magana ta saman kaina. A asibiti ke suke kallo, a kasuwa ke suke kallo. Ba zan ba da 'yata ga wanda zai mayar da ni kujera a gidansa ba. Na gama."

Kowa a gidan ya san in Baba ya ce ya gama, ya gama.

Mama ba ta yi wani baƙin ciki ba, don dama tana da nata ɗan takarar. Shugaban mawaƙa ne, mai murya kamar zuma, wanda ya iya ɗaga wa Baba hannu da faffaɗan murmushi, ko da yake iyakar abin da ya iya ke nan.

"Ga yaro ɗan gidan mutunci yana binki," in ji Mama, "kin tsaya wa mai naɗe waya."

"Mama, mai naɗe wayar nake so."

Sai dai mai naɗe wayar ya fara wuyar gani. Ana tashi daga sujada zai kulle na'ura ya ɓace. Da yamma in ta biya shagonsa, a rufe. Shugaban mawaƙa kuwa abin nema ya samu.

"Ba gulma ba," ya ce mata, yadda duk magulmaci yake farawa, "amma kullum ina ganin mutumin naki a ƙofar makarantar kurame, shi da wata malama. Har jaka yake riƙe mata."

Ranta ya ɓaci sosai. Ta rubuta: "In ka gaji, ka faɗa mini da bakinka. Na iya jin magana, ba sai an yi mini fassara ba."

Ya amsa: "Haskena, ban gaji ba, ba kuma zan gaji ba. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Ki yi mini addu'a, abin da nake yi ya fi ƙarfina."

Ba ta iya haƙurin ba. Washegari da yamma ta tafi makarantar da kanta, ta leƙa ta taga. Ga Injiniya a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana murɗa yatsu, yara sun kewaye shi suna faɗuwa don dariya. Malamar, wadda ta yi jika da shi, tana kama hannunsa tana gyarawa.

Dariya da kuka suka zo wa Tafinta tare. Ya fito ya same ta a jikin bango.

"Me ya sa ba ka ce in koya maka ba?"

"Don na san ki. In na yi wa Baba magana ta hannunki, za ki gyara ta, ki sa mata gishiri. Ina so ya ji tawa, da duk gurguncinta."

"Kai dai ka cika taurin kai."

"A wurin wa na koya?"

Da ya ga hannunsa ya ɗan faɗa, ya tafi shagon Baba shi kaɗai. Ya tsaya a gabansa, ya dube shi ido cikin ido, ya fara ba da haƙuri. Baba ya dube shi, sannan a hankali ya rufe idanunsa. Injiniya ya tsaya da hannu a sama, ba mai sauraro. A ranar ya ɗanɗana abin da ya yi wa dattijon, kuma ya yi masa ɗaci.

Bai yi zuciya ba. Ya ɗauki tsintsiya ya share garin katako, ya tafi. Ya dawo, ya sake dawowa. A majami'a kuma ya fara lura da bencin hagu daga inda yake zaune. Ya ga in ana waƙa kowa yana rausaya, su suna tsaye suna satar kallon ƙafafun mutane don su san lokacin motsi. Ya ga Baba yana ɗora tafinsa a jikin benci, ko zai tsinci wani abu daga ganga. Abin ya tsaya masa a rai, ya kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a.

Wata safiya ya iso shagon da faifan katako a kafaɗa, ya ɗaure lasifika a ƙarƙashinsa. Ya ajiye a ƙasa, ya haɗa waya, ya taɓa kafaɗar Baba, ya nuna masa ya hau. Dattijon ya harare shi, amma son sani ya fi ƙarfin fushi. Ya cire takalmi ya taka.

Injiniya ya kunna waƙar yabo. Bugun ganga ya taso ta tafin ƙafar Baba, ya bi ƙashinsa har ƙirji. Ya zaro ido. Kafaɗarsa ta fara motsi, daidai da kiɗan, ba tare da ya kalli ƙafar kowa ba. Ya daɗe a haka, hawaye na bin gemunsa.

Da ya sauko, ya juya faifan ya duba, ya taɓe baki.

"Wa ya buga ƙusoshin nan?" ya tambaya da hannu.

"Ni ne, Baba."

"Na gani. Kawo guduma." Ya tsaya, ya ƙare masa kallo. "Don 'yata ka yi wannan?"

Injiniya ya amsa da hannunsa mai gargada, bai kawar da ido ba. "Da farko don ita na zo. Wannan kuma ko ka hana ni ita zan yi shi. Na daɗe ina ƙara wa masu ji ƙara. Yanzu na san abin da Allah ya ba ni hannu domin shi."

Baba ya miƙa masa fensir da abin awo. Tare suka ƙera dandamalin da zai ɗauki bencin hagu gaba ɗaya, ɗaya ya san katako, ɗaya ya san sauti. Ranar da suka buga ƙusa ta ƙarshe, Baba ya kira Mama da 'yarsa, ya ce a gaya wa yaron nan ya turo manyansa. Tafinta ta buɗe baki za ta fassara wa Injiniya, Baba ya riƙe hannunta.

"Bar shi. Ya ji."

Saƙon da ta tura masa da yamma gajere ne: "Sarkin Waya, ka ci gari. Ubangiji ya yi mana." Mama ma ta sauko, har tana gaya wa maƙwabta ita dama tun farko ta ga alamar kirki a yaron.

Ranar ɗaurin aure majami'a ta cika har waje. Shugaban mawaƙa ya haɗiye abin da ke ransa ya ja waƙa, kuma a ba shi haƙƙinsa, ya rera ta da kyau. Da ganga ta tashi, bencin hagu ya tashi da ita. Tsofaffi da matasa suka yi ta taka rawa a kan dandamali, daidai da kowa, har sauran jama'a suka bar kallon amarya suka koma kallonsu.

Bayan an ɗaura, Fasto ya kira uban amarya ya sa albarka. Baba ya fito gaba ya ɗaga hannuwansa. Aka dubi amarya, ita kuwa ga furanni a hannu, ga kuka ya ci ƙarfinta, ko kalma ba za ta iya fitarwa ba.

Ango ya karɓi makirfo daga hannun Fasto, ya matsa gaban surukinsa, ya zama bakinsa.

"Ina gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana. Ubangiji ya albarkaci gidan nan, ya sa duk wanda ya shiga a saurare shi. 'Yata, kin zama kunnena tun kina ƙarama, kin gaji, ba ki taɓa faɗa ba. Yau na sallame ki da farin ciki, ki je ki huta."

Baba ya juyo ya nuna shi, ya yi wata alama. Ango ya tsaya cak. Ya gane ta sarai, faɗarta ce ta gagare shi. Dattijon ya sake yi, yana murmushi, yana jira.

"Wannan kuma," in ji ango da ƙyar, "ba suruki ba ne. Ɗana ne."

Majami'a ta ɗauki "Amin" har rufi ya amsa. A bencin hagu kuwa hannuwa suka tashi sama gaba ɗaya suna kaɗawa, Baba Kafinta ya jawo 'ya'yansa biyu ya rungume.