Moto Ba Shi da Ido

Ranar da Iliyasu ya fara ganin Furera, a cikin kular lemun tsamiyarta ya ƙare, ƙafa ɗaya a sama, moto na kwance gefensa yana kuka.

"Innalillahi! Kai malam, makaho ne kai?" in ji ta, tana karkaɗe zanenta da ya jiƙe.

Ya ɗago daga ƙasa ya dube ta. "A'a. Ganin ne ya yi yawa."

Ta so ta zage shi, dariya ta riga zagin fitowa.

Shekarar ce da damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Tabkin da ke bayan Tasawa ya ƙafe, ƙasarsa ta yi tauri kamar daɓe. Jandarmomi sun hana samari tseren babur a kan kwalta, sai Salifu makanise, uban Furera, ya jera tsofaffin tayoyi a cikin tabkin, ya fitar da hanya mai kwana-kwana. Kowace Lahadi bayan la'asar masu moto na taruwa nan. Dokar Salifu ba ta da yawa. Ba kaske, wato hular kwano, ba hawa. Sabon hannu ya bi bayansa a hankali, kada ya wuce kowa. Ita Furera tana zama gindin gawo, daidai kwanar da ta fi kowace tsanani, tana sayar da lemu, da jan ƙyalle a hannu da take ɗagawa in wani ya faɗi.

Iliyasu Buzu ne daga wajen Kanan-Bakashe. Fari ya cinye raƙuman gidansu, ya sayar da na ƙarshen tun yana iya tsayuwa, ya sayi moto na hannu don ya riƙa ɗaukar fasinja. Bai taɓa hawa ba, aka ce ya je wurin Salifu ya koya. Zuwansa na farko ya ɗora kaske bisa rawani kamar faifai a kan ƙwarya, don ba zai buɗe fuska gaban dattijo ba. Sai da Salifu ya nemo masa mai rufe baki sannan aka zauna lafiya.

To amma ba a nan ciwon yake ba. Mutumin da ya tashi bisa raƙumi bai taɓa kallon hanya ba. Raƙumi ke kallonta. Shi nasa ya duba gabas, ya duba yamma, ya gaida na ƙasa, dabbar ta kauce wa rami da kanta. Haka Iliyasu ya hau moto, da wuyan nan nasa mai yawo.

Washegarin faɗawarsa cikin kula ya kai wa Furera cuku na ban haƙuri, ta rubuta masa lambarta a tafin hannu. Kafin magariba saƙo ya shigo.

"Sanyin idona, ƙafata na ciwo amma ban yi nadama ba."

Ta amsa: "Ɗan raƙumi, kulata ta fashe, ni kam na yi nadama. Ka shafa man kaɗe."

Lahadin da ta biyo ya sake faɗuwa gindin gawo. Wadda ta biyo bayanta ma haka. Duk sauran kwanonin yana wuce su sumul, da ya hango jan ƙyallen nan sai kai ya juya, moto ya bi kan, sai ƙasa. Har masu kallo suka daina zama ko'ina sai nan, ana ajiye wa juna wuri.

Salifu ya cire hula ya buga a cinya. "Yaro, sau nawa zan gaya maka? Moto ba shi da ido! Naka yake ara. Inda ka duba nan za shi. Mi ka aje gindin gawon nan?"

"Ba komi, Baba."

"Ba komi ɗin ne ya ci mini madubi uku?"

Mai Nasara, wanda ya fi kowa gudu a tabkin, kuma ya daɗe yana sayen lemun da ba ya sha, ya ce, "Baba Salifu, ku ɗaura wa motonsa akala mana. In ya ce sh-sh wataƙila ya durƙusa." Aka kwashe da dariya. Furera ba ta yi ba, uban kuwa ya lura.

Saboda haka ranar da kawun Iliyasu, Malam Dodo, ya zo gareji da goro yana neman izini, Salifu ko tashi daga gindin injin bai yi ba.

"Malam Dodo, yaronku na da ladabi, ba ya shaye-shaye, na sani. Kuma ni ba na yi wa ɗiyata dole. Amma ba ni ba da ita ga wanda zai maishe ta mai takaba kafin lallenta ya goge. Yau gawo ne, gobe babbar mota ce a hanyar Maradi. Ya zagaye tabkin nan, ita tana zaune inda take zama, bai sa ƙafa ƙasa ba. In ruwa ya cika tabki bai yi ba, maganar ta mutu."

Ga gari duka ana roƙon ruwa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Iliyasu na cikin sahu yana cewa amin da kowa, gabansa na faɗuwa. Wa zai roƙi Allah ya jinkirta ruwa a shekara irin wannan? Bai roƙa ba. Ya dai koma tabki kullum da sassafe, shi kaɗai, yana koya wa wuyansa abin da Salifu ya faɗa: tun kafin ka shiga kwana, ka kai idonka mafitarta.

Lahadi ta zo, ya shigo kwanar gawo, ya kafe ido can gaba, ya wuce lafiya. Sai daga baya ya yi tuntuɓe da taya. Ya sauka yana murna, ya ce ai an kusa.

Ashe ya jawo wata fitinar. Daidai mafitar kwanar nan Habsatu mai ƙosai ke kafa kaskonta. Mai Nasara kuwa bai yi barci ba, ya matso kusa da kula ya ce, "Kin ga Buzunki ya sake kiwo. Tun daga nesa Habsatu yake kallo."

Da yamma saƙo ya shigo wa Iliyasu.

"Allah ya sanya albarka. A gaida mai ƙosai."

"Sanyin idona, wace mai ƙosai?"

"Wadda ka kalla har wuyanka ya kusa karyewa. Ni ko ɗaga gira ban samu ba."

"Wallahi hanya nake kallo."

"Hanyar ta ɗaura kallabi ruwan goro?"

Ya kira, ta kashe wayar. Ka ji fa. Yaro ya kalle ta ya faɗi, an ce zai kashe kansa. Ya daina kallo, an ce ya ci amana.

Kwana da kwanaki Furera na kumbure-kumbure a gida, tuwo ya ƙone, miya ba gishiri. Salifu ya ci haƙuri har ya ƙoshi. Ran Asabar ya ture kwanon ya ce ta ɗauko kaske. Ya ɗora ta a moto ita a gaba tana riƙe da kan, shi a baya yana taya ta, suka shiga tabki.

"Dubi gawon nan."

Ta duba. Moto ya nufi gawo kamar an kira shi, ta ƙwalla ƙara, uban ya taka birki.

"To yanzu dubi inda Habsatu ke zama."

Ta duba, suka sha kwana sumul.

Ta waiwayo ta dubi uban. Can ta ce, "Baba, ashe..."

"Ashe mi? Ni da ba na son auren, ni ke wanke shi! Ki gyara mini miya, don Allah."

A daren Iliyasu bai samu dogon saƙo daga wajenta ba. "Ɗan raƙumina, gobe in ka kalle ni ban yafe ba."

Lahadi hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska na kaɗa ganyen dogon yaro a bakin gari. Tabki ya cika da mutane. Salifu da kansa ya ce wa Furera ta sa atamfarta ta salla, ta tsaya gindin gawo, kada ta ɓuya. Ba ya son a ce an yi wa yaro sauƙi. Mai Nasara ya ce shi zai shiga gaba ya nuna wa Buzu hanya.

Suka taso. Kwana ta farko, ta biyu, lafiya. Suka nufo gawo. Furera na tsaye, kwalli ya zauna, iska na wasa da mayafi. Mai Nasara, gwanin gwanaye, ya ce bari ya ɗan saci kallo ɗaya. Sai ji aka yi rim, yana cikin tayoyi, ƙafafu na harbin iska.

Ga mutum a ƙasa, ga masoyiya a tsaye tana ɗaga jan ƙyalle, ga jama'a na ihu. Duk abin da ke jan ido ya taru wuri guda. Iliyasu ya rage wuta, ya cije leɓe a cikin kaske, ya kafe idonsa a kan kaskon ƙosai kamar bai taɓa cin abinci ba. Ya wuce. Ya ƙarasa zagayen, ya tsaya gaban Salifu, ya kashe moto, ya kafa shi da kyau.

Sannan ya taka da ƙafa har gindin gawo, ya tsaya yana kallon Furera. Ita ma ta rufe rabin fuska da mayafi tana murmushi. Suna nan tsaye aka fara yayyafi, mutane na kabbara suna gudun neman mafaka.

"Kai!" Salifu ya daka tsawa daga nesa. "Ya isa hakanan! Ka turo Malam Dodo, ka fitar mini da moton nan kafin ya nutse!"

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gareji, gero ya yi kyau gwargwado, Habsatu ce ta soya ƙosan biki. Da sati ya zagayo, ango ya kawo amarya gaisuwa a kan moto. Za su koma, Salifu ya rako su bakin hanya.

"Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da ku. Ke kuma kullum baya za ki zauna, inda ba ya ganinki."

Suka ce amin. Iliyasu ya tada moto. Salifu ya ƙura wa madubin dama ido, ya ga an karkata shi, ba abin da ke ciki sai fuskar Furera. Ya yi tsaki, ya miƙa hannu ya murɗe shi ya koma kallon hanya.

"Ku tahi. Allah ya kiyaye."