Hoton da Ya Ƙi Buɗewa a Bosso

Ranar da Ummusalma ta fara ganin Tahir, ƙafafunsa kawai ta gani. Yana kwance ƙarƙashin teburin biro ɗinsu, wato ofishinsu, yana lallashin wata tsohuwar kwamfuta kamar mai rarrashin yaro.

Ƙungiyarsu ta Diffa tana da shafi a intanet, inda ake saka hotunan waɗanda gudun hijira ya raba da danginsu. Ita ce mai zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Assaga tana ɗauko hotunan. Sai dai a Bosso da Baroua shafin ba ya buɗewa: rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi, hotunan kuma ga nauyi. Mutum zai riƙe waya har hannu ya gaji, bai ga ko goshi ba.

"Malam, ai akwai shafukan Turawa masu rage nauyin hoto kyauta," in ji ta. "Me ya sa kake wahalar da kanka?"

Ya fito, ƙura a gemu, ya dube ta. Sai da ya ɗan daburce kafin ya amsa.

"Malama, hoton da kika ɗauka da waya yana ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi. Mutanen nan gudu suka yi. Ba zan miƙa wa baƙo inda suke kwana ba. A kan sarbarmu, wannan kwamfutar da shafin ke ciki, zan matse su, in goge bayanin."

Har ta isa gida maganar na yi mata daɗi.

Ya juya hotunan zuwa wani tsari da ya kira WebP. Hoto ya koma kamar ba komai, amma fuska na nan garau, har tsagar kumatu ana gani. Kullum tana gefensa. In ya matse da yawa ta ce, "A'a, ka ɓata idon Iya," sai ya sassauta. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke sai su zauna bakin ƙofa, ya ba ta labarin Damasak, garin da ya baro, da gonar tattasan mahaifinsa a hayin kogin Komadugu.

Wata safiya saƙo ya shigo wayarta:

"Tauraruwata, na iya rage nauyin kowane hoto. Naki ne ya gagare ni, ya cika zuciyar fal. Ki ba ni izini in turo magabata."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya ita kaɗai, ta rubuta:

"Injiniyana, kada ka rage ko kaɗan. Ka turo."

Amma Babakura, dillalin tattasai da ya daɗe yana neman aurenta, ya riga su zuwa wurin mahaifinta, Malam Abatcha. Ya ce yaron nan ɗan gudun hijira ne, ba a san asalinsa ba, kuma hotunan matan mutane yake tarawa yana aikawa waje.

"Ba ke ba biron nan," in ji Malam Abatcha. "Na gama magana."

"Baba, wallahi ba haka..."

"Na ce na gama!"

Ta bi umarni, ta daina ɗaukar wayar Tahir, ta rame. Shi kuwa ya zaci Babakura ta zaɓa. Ya aiko:

"In shi ne alheri gare ki, Allah ya sanya albarka. Ni dai ban taɓa cin amanar hoton kowa ba, balle taki."

Ta yi kuka, ta kai wa Inna Kaltumi, mahaifiyarta, wayar. Inna ta sa aka karanta mata, sannan ta tafi turakar mijinta.

"Malam, ka yanke hukunci da kunne ɗaya. Ka je ka gani da idonka."

Ya ɗauki amininsa Liman, suka faɗa biron ba sanarwa. Suka tarar da wata dattijuwa daga Assaga zaune a tabarma, wayar Tahir manne a kunnenta, tana kiran "Zara! Zara!" tana kuka. Ɗiyarta ce ke magana daga Bosso. Zara ta buɗe shafin a wayar wani masunci, ta ga fuskar uwar da ta ɗauka ta mutu.

Tahir ya durƙusa ya gaishe su. Malam Abatcha ya nuna kwamfutar da sanda.

"Hotunan nan, ina kake kai su?"

"Baba, na asalin ba sa fita ɗakin nan. Ƙaramin kawai ake sakawa, shi ma sai mai shi ya yarda. In ya ce a cire, a gabansa nake cirewa."

"Wane ne mahaifinka?"

"Idrisa mai tattasai, na Damasak. Allah ya yi masa rasuwa a hanya."

Tsohon ya daɗe yana kallon dattijuwar, wadda yanzu dariya take yi cikin hawaye. Ya juya ga Liman.

"Na so in zalunci yaron nan." Sannan ya ce da Tahir, "Kana da wanda zai tsaya maka?"

"Kawuna yana Assaga."

"Ka turo shi."

Ummusalma na tsintar shinkafa Baba ya shigo, ya tsaya kanta ya ce, "Gobe ki koma aikinki." Tiren ya kusa suɓuce mata.

Bayan an kwashe tattasai aka ɗaura aure. 'Yan Assaga suka cika unguwa, gidan ya turnuƙe da turaren wuta, 'yan uwa na ta gaisuwar Barebari, "wushe, wushe", da baƙi. Da za a fita da amarya, Malam Abatcha ya kama hannunta.

"Na ba da ke ga mai amana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, kada ya sake raba kowa da nasa."

Gida ya ɗauka da amin. A ƙarƙashin lafaya, Ummusalma ta faɗi tata a hankali, tana murmushi.