Farar Motar da Kawu Bai Taɓa Gani Ba

A Makarfi akwai wata yarinya 'yar ƙaramar sakandare. Ta iya kwamfuta sosai, amma sauraro ya gagare ta. Kafin ka rufe baki ta ce, "Na gane."

Kawunta Iliyasu yana da motar alfarma, koriya, tsohuwa. Da ita yake kai amare gidan miji, daga Ikara har Kudan. Motar tana da shafi a intanet, amma shafin ya tsufa.

"Ki sake mini fasalinsa," in ji Kawu. "Ina so mutane su san labarin motar nan. Mahaifinmu ne ya..."

"Na gane, Kawu!"

"Me kika gane? Ko farawa ban yi ba!"

Ina! Tuni ta yi gaba.

Da ta ga hoton motar sai ta yatsine fuska. Wa tsohuwa za ta burge? Ta lalubo hoton wata sabuwar mota, fara sol, ta liƙa a shafin. Ta rubuta, "Sabuwa dal!" Shi kuwa Kawu bai duba ba, don ya yarda da ita.

Ba a jima ba aka kira daga Kudan, ana son motar. Ranar biki Kawu ya tafi da yarinyar don ta taya shi yi wa motar ado.

Suka tarar da ƙawayen amarya cikin farin anko. Gwaggon amarya, Hajiya Hajo, ta fito tana ɗaga hannu.

"Malam, matsar da wannan. Motar amarya na tafe."

"Ai ita ce wannan, Hajiya."

"Wannan? Mai kalar ganyen rake?" Ta miƙa masa wayarta. "Ga abin da muka gani! Saboda ita muka ɗinka farin anko!"

Kawu ya dubi hoton, ya dubi motarsa, ya sake duban hoton. Wani daga cikin taron ya ce, "Ashe mayaudari ne." Kawu ya sunkuyar da kai. Tunda yake ba a taɓa kiransa haka ba.

Yarinyar ta dubi Kawu. In ta yi shiru, ba mai sake kiran Kawu a Kudan. Ta matso ta durƙusa.

"Hajiya, ni ce na sa hoton. Kawu bai sani ba."

"Ke? Oh ni Hajo! Yarinya kamar ke ta juya gida guda! Yanzu ya kike so mu yi?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Can sai amarya Zulai ta yi magana daga cikin mayafi.

"Gwaggo, wallahi na gaji da zama. In dai tana tafiya, mu tafi."

Aka kwashe da dariya. Hajiya ta yi tsaki, amma ita ta fara shiga. Aka kai amarya lafiya.

Washegari yarinyar ta je wurin Kawu. "Ka yi haƙuri. Ka ba ni labarin."

"Ba kin gane ba?"

"Ban gane komai ba, Kawu."

Ya ce mahaifinsu ya sayo motar a mace, a wurin wani dillalin rake. Shi da 'ya'yansa suka tashe ta da hannunsu. Kuma ba ta taɓa barin amarya a hanya ba.

Har ya gama ba ta katse shi ba. Ta rubuta labarin yadda yake, ta ɗauki hoton motar a ƙofar gida, ta sa.

Bayan kwana biyu wayar Kawu ta yi ƙara. Wani ne daga Ikara. "Malam, tsohuwar nan koriya muke so. Ka tabbata ita za ta zo?"

Kawu ya dubi yarinyar ya yi murmushi. "Ita ɗin ce, in Allah ya yarda."

Daga ranar ta gane cewa sai ka saurara za ka san labari. Kuma ƙaryar da ka yi don ƙawata abu, wanda ya yarda da kai take fara kunyatawa.