Kwalin La'asar

"Mutumin da yake rufe shago kowace Asabar ya ɓace, ya dawo murya a dishe, shi zan ba 'yata?"

Najiba ta ajiye kofin shayin a gaban Abbanta, Alhaji Babayo. Binciken aure ya kai mako na uku, kuma dattawan unguwar Dengfeng, a nan China, sun gama yanke hukunci: Ismaël ɗan Maradi yana da kirki, yana da sana'a, amma ba a san inda yake zuwa ba. Yau an gan shi a jirgin ƙasan Panyu, wani makon a motar Foshan. Wasu suka ce caca, wasu suka ce mata. Ba wanda ya gani da idonsa, shi ya sa kowa ya tabbata.

Ta faɗa masa gaskiya: wasan besbol yake bi, na ƙananan ƙungiyoyi, fili zuwa fili. Alhaji Babayo ya ce ya shekara da yawa a duniya, bai taɓa jin Bahaushen da ya bar ciniki don kallon ana dukan ƙwallo da kulki ba. In ƙarya za a yi masa, a nemi mai kyau.

"Abba, ka je ka gani... In ƙarya ce, na haƙura da shi."

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Ita ma ba ta taɓa zuwa ba. Bakinsa kawai ta yarda da shi.

Ranar Asabar suka tare shi a bakin titin Huanshi Lu ba sanarwa. Ismaël ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya saci kallonta, ya shige gaba.

Filin yana bayan wata masana'anta. Benci uku, raga ta yage, 'yan kallo ba su cika motar haya ba. 'Yan ƙungiyar da Ismaël yake goyon baya masu koriyar riga ne, kuma tun farkon wasa aka fara lallasa su. Shi kuwa yana tsaye yana kiran kowane ɗan wasa da sunansa. Alhaji ya tambayi yaushe rabonsu da ci. Ismaël ya sunkuyar da kai ya ce bara, sau ɗaya, shi ma don abokan karawar ba su zo ba.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya raɗa wa Najiba cewa kowa zai iya kawo suruki fili rana ɗaya ya yi ihu.

Rana ta karkata. Wata tsohuwa 'yar China mai sayar da ruwa ta dubi sama, ta jawo wani kwali a naɗe daga ƙarƙashin teburinta, ta kai bayan benci ta shimfiɗa wa Ismaël, ta karkata shi yamma, wajen alƙibla. Ba wanda ya roƙe ta. Ta ajiye gorar ruwa a gefe, ta dubi Alhaji, sai ta koma ta yago masa wani sabo.

Alhaji ya daɗe yana kallon tsohon kwalin. Wurin goshi ya yi baƙi, wurin gwiwoyi ya lotsa.

Ya ja su sallah. Najiba ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

A jirgin komawa, da suka kusa sauka, Alhaji ya buɗe baki. Ya ce marigayiya mahaifiyarta ta zauna da shi a garin nan har ta rasu, bai taɓa kai ta ko'ina ba sai kasuwar Shahe, nan ma don ta riƙe masa kaya.

Sannan ya juya ga Ismaël.

"Hauka ne dai, amma mai tsarki. Wanda bai guji waɗannan masu koriyar rigar ba, ba zai guji 'yata ba. Ka turo manyanka."

Najiba ta ja mayafi ta ɓoye murmushinta.

"Mamana," in ji Alhaji, yana kallon taga, "mako mai zuwa a ina za a ci su?"