Man Gyaɗa a Dutsen Washi

Rahamatu ta ɗaga dutsen washin, ta kai shi hanci, ta sansana.

Man gyaɗa.

"Mushe... mi ka yi wa dutsen Baba?"

Manzo na tsaye a bakin zaure yana murmushi, yabo yake jira. Malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa duk garin Tawa ke ce masa Mushe, yadda Faransawa ke kiran malam. Ya ce ai gata ya yi wa dutsen. Ya ga ya bushe har ya yi fari, sai ya shafe shi da mai. Ciɗo ne ma ya ba shi shawara, ya ce haka kafintocin Nasara ke yi wa nasu.

Ta runtse ido.

Ciɗo ɗan ƙanen babanta ne, wanzami gaba da baya, shekara biyu yana neman ta tana ƙi. Ya fi kowa sanin dutsen babanta, Sarkin Aska Alƙasum, ruwa kaɗai yake sha. In mai ya shige shi sai ya toshe, aska ta riƙa sulɓi a kai ba ta samun kaifi. Kakanta ne ya ɗauko dutsen daga tsaunukan Barmu, tun ba a haifi babanta ba.

"Jibi fa Juma'a," ta ce a hankali.

Murmushin Manzo ya gushe.

Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai, samarin gari sun shiga yayin askar kanti mai naɗewa. Kowa na son ya yi wa kansa gyaran fuska, ba wanda ya iya washi. Shi ya sa duk Lahadi suke taruwa a zauren Alƙasum, da Sabo direba da Talle tela da sauransu, suna goga ƙarfe a dutse, suna yi wa juna dariya. Rahamatu ke miƙo musu ruwa a ƙwarya. Manzo ya zo koyon washi, ya ga hannun da ke miƙo ruwan, daga ranar askarsa ba ta sake yin kaifi ba.

Da ya aika manyansa neman aurenta, Alƙasum ya ce ɗiyar wanzamai sai wanzami, hannun da ya saba da alli ba ya riƙe gida irin nasu. Inna Kaltumi, uwar Rahamatu, ta sa baki, ta yi ta naci, har ya sassauta. Ya ce ran Juma'a zai ba Mushe dakusasshiyar aska. Ya wasa ta da kansa, ya aske masa kai kafin salla, ba ɗigon jini. In ya yi, an ba shi. In ya kasa, maganar ta mutu. Ya bar masa dutsen ya yi ta gwaji, ya tafi garin Takanamat wajen suna.

Yanzu ga dutsen yana ƙyalli kamar ƙosai.

"Rahama, ki yafe mini. Na kashe mu da hannuna."

"Ba ka kashe kowa ba. Je ka ɗebo yashi mai laushi."

Ta ɗora tukunya, ta zuba toka, ta jefa dutsen a ciki. Inna Kaltumi ta fito ta tarar ana dafa dutse a tukunyar miyarta, ta yi salati, ta tambaya ko da tuwo za a ci shi. Da ta ji labari sai ta yi dariya har ta zauna a turmi, sannan ta ƙara ice da kanta. Sau uku aka sake ruwa. Da aka tsamo shi, Manzo ya wuni a ƙofar gida yana gurza fuskar dutsen a yashi har yatsunsa suka saɓule.

Ran Alhamis dutsen ya sha ruwa.

Da la'asar Inna ta zauna tsakaninsu tana kaɗi. Rahamatu ta karɓi askarsa, ta kwantar da ita a dutse, ta ja, ta juya, ta ja. Hannunta ko nauyi babu.

Manzo ya saki baki.

Ta ce an hana mace taɓa zabira, amma ba wanda ya hana ta sauraro. Shekara goma tana bayan zana tana jin washin babanta. Shi kuma laifinsa ɗaya: yana danna aska kamar yana rubutu a allo. Ya saki hannu, nauyin ƙarfen ya isa. Ya bar kallo, ya kasa kunne. Da fari aska na ƙara kamar ana taka tsakuwa. In ta yi, sai muryarta ta kwanta.

"Kamar taki in kin huce?"

"Wasa askarka, Mushe."

"To, ranki shi daɗe."

Inna ta yi gyaran murya. Kafin magariba babu sauran gashi a hannunsa na hagu, duk ya tafi wajen gwaji.

Hantsin Juma'a zaure ya cika. Alƙasum ya dawo, ya zauna a tabarma, ya cire hula. Rahamatu ta laɓe a bayan zana.

Kafin a fara Ciɗo ya matso. "Baba, ka dai sansana dutsenka."

Tsohon ya sansana. Toka ya ji, da ɗan abin da ya rage a ƙarƙashinta. Ya ɗago ido.

"Ni na sa masa mai, Baba," in ji Manzo. "Rashin sani ne."

Alƙasum ya tambayi wanda ya koya masa haka. Manzo ya sunkuyar da kai, bai ambaci kowa ba. Tsohon ya juya ga ɗan ƙanensa, ya tambaye shi yadda aka yi ya san da mai a dutsen da bai ko taɓa ba. Ciɗo ya fara in-ina. Sabo direba ya ce ƙila hancinsa ne ya fi na kowa tsawo, zaure ya ɗauki dariya.

Aka miƙa wa Manzo askar. Tsohuwa ce, ƙirar maƙera, ko kabewa ba za ta yanka ba.

Ya jiƙa dutse, ya fara.

Rana ta yi ta hawa. Sau biyu ana jiƙa kan tsohon yana bushewa. Talle ya ce a aika gida a ce kada a jira su abincin rana. Manzo bai ji ba. Rahamatu ta jingina kunne da zana, tana jin tsakuwar nan tana raguwa... tana raguwa... Sai muryar ta kwanta.

Ta dafe ƙirji.

A daidai nan Manzo ya ɗaga askar. Ya goga ta a fata, ya goga a tafin hannu, ya yi bisimilla, ya ɗora ta a kan Sarkin Aska.

Gashi ya fara zuba ba ƙara. Ya gama gefen dama, zai juya hagu, sai ya ji kan ya yi nauyi a hannunsa. Ya leƙa. Idon tsohon a rufe, bakinsa a ɗan buɗe.

Alƙasum ya yi barci.

Sabo ya yi masa alama ya yi sauri, lokaci na tafiya. Manzo ya girgiza kai. Kan da ke gyangyaɗi ba a ɗora masa aska, kuma shi ba zai tashi dattijon da ya kwaso hanya daga Takanamat ba. Ya ajiye askar, ya tallabe kan da hannu biyu, ya zauna. Bayan zana Rahamatu na hawaye tana dariya lokaci guda, ta rasa wanne za ta bari.

Ladan ne ya tashe shi.

Tsohon ya zabura, ya shafa kai. Dama sumul, hagu kamar gonar da ba a nome ba.

"Lokaci ya cika, Baba," in ji Ciɗo. "Bai gama ba."

Alƙasum bai dube shi ba. Ya sake shafa gefen dama, ya duba tafinsa, babu jini. Ya ce shekara arba'in wanzaman ƙasar Adar na yi masa aski, kullum idonsa biyu yana ƙirga kurakuransu. Yau ne karo na farko da aska ta sa shi barci.

Ya kifa hula a kan rabin askin, ya miƙe.

"Mushe, tashi mu tahi masallaci. Ka ce wa kawunka shi zo da goro bayan la'asar."

Manzo ya kasa tashi. Ya juya wajen zana.

"Rahama... kin ji?"

"Na ji, masoyina," ta ce. "Tashi mana, kada ya sake shawara."

Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula.

"Amma da mun sauko ka gama mini kaina. Ba ni karɓar surukai haka."

Inna Kaltumi ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, Rahamatu ta rufe fuska da mayafi ta ruga ɗaki.